Na je Kalgo neman bakin da zan yi wa jikana magana

Mun bar Dodoru bayan sallar asuba, ni da ɗiyata wadda ke rubuta wannan, don ni ban san baƙi ba. Tun da na fita takabar maigidana ban taka ko'ina ba sai ranar. Ɗana na fari yana ƙasar Sifen, yana aiki a gonar tumatir, ya yi aure can. Yaronsa mai shekara shida sunan marigayin aka sa masa. Idan aka kira ni a waya sai ya leƙo, in yi Hausa, ya yi Sifananci, ya gaji ya gudu. Abin da ya fitar da ni ke nan.

A Gwandu muka shiga mota. An jera dammunan gero a bakin hanya, matan Fulani sun riga sun fito da nono. Kuɗin mota ya hau har na tambayi direba ko da karin kumallo ake biya. Ya ce, "Inna, ramukan hanya kyauta ne." Bai yi ƙarya ba, kowanne na ji shi a ƙuguna. Da muka doshi Birnin Kebbi na ga fadamar shinkafa, inda maigidana kan zo sayen iri, sai na ja mayafi na rufe fuska.

Hantsi ya yi muka sauka Kalgo, muka ci soyayyen kifi a tasha, mai daɗi amma ƙarami. Wadda muka zo wurinta wata Kirista ce 'yar Zuru, ta daɗe tana aikin jinya a wata ƙasa da ake Sifananci, yanzu ta yi ritaya. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta ɗauko allon yara ta rubuta baƙaƙen.

Ɗiyata malamar firamare ce, Turancin Ingilishi a bakinta yake, shi kuwa ya hana ta sakat. Duk baƙin da ta gani sai ta kira shi yadda ta saba, matar ta ce a'a. Wani ana rubuta shi amma ba a faɗinsa, wani daga maƙogwaro yake fita kamar mai kaki. Ni da ba na kallon allo, bakin matar kawai nake bi, yadda na koyi surorin salla. Ta ce a, e, i, o, u, na maimaita. Ta kaɗa harshe ta ce rrr, na kaɗa. Ta tafa hannu ta ce wa ɗiyata, "Malama, tsohuwa ta wuce ki."

Sai ta ce mu haɗa gaisuwa, in ce "ola" in kira sunan yaron. Nan na tsaya. Shekara arba'in da wani abu ban taɓa kiran sunan nan ba, ba zan fara don mai shi yana ƙasa ba.

Matar ta ce, "To me za ki ce masa, Mama?"

"Abin da kowace kaka ke ce wa jikanta. Mijina."

Ta yi dariya har da hawaye, ta ce uwar yaron za ta sha mamaki, amma ta koya mini: "mi marido". Na yi ta bita har azahar.

Bayan la'asar ɗiyata ta kira su. Yaron ya leƙo, goshin kakansa sak. Na ce, "Ola, mi marido." Na ji uwarsa tana dariya, ubansa yana yi masa bayani. Sai ya matso har hancinsa ya cika wayar, ya zuba magana.

"Mi ya ce?"

Ɗana ya ce, "Inna, wai kin tsufa da yawa, kuma ba ki da haƙora. Ba ya so."

Haka jikokin maƙwabta ke yi wa kakanninsu a ƙofar gida, ni ina kallo daga nesa. Na ce a gaya masa ni ma na fasa, miji ba ko gona. Ya ƙyalƙyale, bai gudu ba. Kuka ya ci ƙarfina, ɗiyata ta karɓi wayar.

Mun kwana gidan matar, Allah ya saka mata. Washegari muka kamo hanya, muka iso Dodoru da azahar, ɗakin yana nan shiru yadda na bar shi. Na gane tsufa bai hana harshe lanƙwasa ba, na kuma gane kalma uku ba ta isa hira. Ban sani ba ko zan kai ranar da zan ɗora hannu a kan yaron nan. Ranar Juma'a za su sake kira, kuma an ce shi da kansa ya tambaya yaushe matarsa za ta dawo.