Haɗin Zoɓon da Ban Taɓa Ɗanɗanawa Ba

Shekarun baya, can tsakiyar shekarun tamanin, ina wankin kofuna a mashayar wani ƙaramin otal a birnin Lyon na Faransa. Ɗaki ɗaya muke zaune da abokina, ɗan arewacin Kamaru, a Saint-Fons da ke gefen birnin, inda warin masana'antu ke bin mutum har cikin riga. Takardar zamana saura wata biyu ta ƙare, kuma ba a sabunta ta sai da takardar aiki na dindindin. In babu, sai gida, hannu rabbana.

Ana haka sai mai haɗa abin sha ya ce zai bar aiki. Madam mai otal ɗin ta tara mu ma'aikatan mashayar mu uku, ta ce duk wanda ya kawo mata sabon haɗi da giyar da ake kira jin, wanda zai shiga lokacin sanyi ya shiga lokacin zafi, gurbin nasa ne har da takarda. Ni da ban taɓa kai ko ɗigon giya bakina ba, ni na fara ɗaga hannu. Sai da na fito waje na tambayi kaina ko lafiyata ƙalau.

Amma tunanina ya riga ya tafi kan zoɓo. Ranar hutuna na hau jirgin ƙasa zuwa Paris, na wuce Sevran da ke bayan gari wurin gwaggona, wadda ta mayar da falonta shagon kayan gida. Bayan mun gaisa har da tambayar mutanen garinmu Maraɗi ɗaya bayan ɗaya, ta ɗebo mini zoɓo da citta da kanumfari. Zancen giya kam na haɗiye shi. Na ce dai baƙi zan yi wa, kuma ba zan samu damar ɗanɗanawa ba. Na zaci za ta tsare ni da tambaya, sai ta kwashe da dariya.

"Kai dai ba ka da wayo, ɗana. Azumi nawa na yi ina dahwa muku miya? Ka taɓa ganin na kai ludayi baki? Hanci da hannu ka aikin."

Ta ɗora tukunya, ta sa na rufe ido ina shinshinawa. Ta nuna mini ƙamshin zoɓo in ya nuna, da yadda yake juyawa in ya wuce wuta. Na koma Lyon ina ji kamar in tuƙa jirgin da kaina saboda ɗoki.

Ɗakinmu ya zama wurin gwaji. Abokina yana ɗan taɓa giya, don haka shi ne harshena. Haɗin farko na zuba sukari irin namu na gida. Ya kurɓa, ya ajiye, ya tambaye ni ko suna ake yi. Ya ce in na ba Bafaranshe wannan, likita zai nema. Na yi ta rage sukari ina jin kamar rowa nake yi. Da finjalin shayi nake awo, kuma na gano kanumfari ya wuce biyu sai ya danne ƙamshin jin ɗin. Kwana tara muna abu ɗaya, ni ina shinshinawa, shi yana ƙara fara'a.

Ranar gwaji da la'asar, kafin a buɗe mashaya, na ajiye wa Madam kofi biyu. Ɗaya da ƙanƙara da lemun tsami, ja wur. Ɗayan da ɗumi, citta ta ɗan fi yawa. Ta kurɓi wannan, ta kurɓi wancan, ta sake komawa na farko. Ta ce haɗin nan shi take nema. Har na fara jin daɗi, sai kawai ta turo mini kofin, ta ce mu sha tare a yi murna.

Na dubi kofin. Kurɓa ɗaya ce tsakanina da takarda.

"Madam, ni ba na shan giya. Wannan ma ban san ɗanɗanonsa ba."

Nan take na fara tunanin haɗa jakata in koma gida. Sannan ta tambaya ta yaya na haɗa. Da guntun Faransancina na ba ta labarin girkin azumi. Ba ta yarda ba. Ta ɗauke finjalina, ta ce in sake a gabanta, sau biyu. Na rufe ido na bi hancina. Ta ɗanɗana duka biyun, ta girgiza kai tana dariya, ta ce in haɗa na uku babu giya a ciki. Shi ta miƙo mini, muka sha tare a tsaye. Washegari ta sa hannu a takardar.

Shekara huɗu na yi a wurin kafin na koma kasuwanci. Ba zan ce raina ya taɓa kwanciya da aikin ba, har yau ina neman gafara a kansa. Amma in na tuna yadda na faɗi gaskiya alhali zamana duka na cikin kofin nan, sai in ji daɗi ya rufe ni. Mutane sun yi ta ce mini haɗin nan babu kamarsa. Na yarda da su ne kawai.