Ƙarar da Ta Faɗi Tare da Kai, Hedimasta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 14 ga watan jiya, Allah Ya karɓi ranka a gadon asibiti, Hedimasta, ana dab da sauraron mu a kotun ɗaukaka ƙara.

Ban daɗe da gama karatun lauya ba maigidana na ofis ya miƙo min shari'arka. Laifinka shi ne ka faɗa a rediyo cewa rufin makarantarku zai rufto kan yara, kuma hukuma ta sani. Aka hukunta ka da sashen dokar da ya hana furucin da ka iya tayar da hankalin jama'a, aka raba ka da aikinka. Tsarin mulki ya ba kowa 'yancin faɗin ra'ayi, ya kuma yarda a taƙaita shi saboda zaman lafiya. Tambaya ɗaya muka kai kotu: ina iyakar take?

Kai ne mai ƙara, amma kai ke lallashina. Da ka lura muryata na rawa in ina karanta hujja, sai ka riƙa zuwa ofis, ka hau kujerar maigida, ka sauke tabarau kan hanci, ka zama alƙali. "Ɗaga murya, 'yata," in ji ka. "Ni an kama ni da yawan magana, lauyata kuma ba a jin ta. Wa zai cece ni?" Ba ka taɓa tambayata ko za mu yi nasara ba.

Bayan rasuwarka na bi hukunce-hukuncen baya ɗaya bayan ɗaya ina neman mafita. Babu. Ƙara irin taka tana faɗuwa da mutuwar mai ita. Alƙalai ba su ce ka yi daidai ba, ba su ce ka yi kuskure ba. Rufe shari'ar kawai suka yi. Hukuncin yana nan a kan sunanka, sashen yana nan daram, kuma duk malamin da ya ga tsaga a bangon ajinsa yanzu zai ja bakinsa ya yi shiru.

Da na je gaisuwa, babbar 'yarka ta ja ni gefe.

"Lauya, to an wanke Baba?"

Na ce, "A'a, Yaya."

"Nan gaba fa?"

"Ban ga hanya ba."

Ta gyaɗa kai, ta koma cikin baƙi.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama uwargidanka, da 'ya'yanka, da ɗalibanka. Allah Ya ba su haƙuri. Mu mun kasa wanke ka a nan. Allah Ya saurare ka a can, inda mutuwa ba ta korar ƙara. Amin.