Notin Baƙin Mai

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan. Nakan ɗauki alƙalami in ajiye, don ina ganin ba wanda zai damu da labarin babur ɗin da ƙarfensa ma ya daɗe da shiga maƙera. Kuma karatuna bai wuce firamare ba, ina tsoron in faɗi abin da ba daidai ba a kan mutanen da ba sa nan balle su kare kansu. Abin da ya sa na daure shi ne akwai tambayar da ta ƙi barina, waɗanda za su iya amsa ta kuwa kullum raguwa suke yi.

A shekarun da kuɗin man fetur suka fara shigowa ƙasa, ina aikin allurar shanu a Gwiwa, a ƙarƙashin ofishin dabbobi na Kazaure. Yankina ya kai har bayan Roni. Da keke nake zagawa, filas ɗin magani a ɗaure a baya da ƙanƙara a ciki. Kafin in kai ruga mai nisa ƙanƙarar ta zama ruwa, ni kuma in yi ta saƙe-saƙe ko maganin ya mutu. Da aka fara ba ƙananan ma'aikata rancen babur ana cira a albashi, shugabanmu ya kira ni ya gaya mini a fili cewa yankin ya fi ƙarfin mai keke. In ban karɓa ba, za a kawo mai babur a wurina. Ya kuma ce in sani, ko babur ya mutu, cira ba za ta tsaya ba.

A Kano na ɗauko shi, a kantin wani kamfani. Ja ne, ƙirar Japan. Akawun wurin mutumin kudu ne, Kirista, mai fara'a, yana jin Hausa kamar jakin Kano. Ya tsuguna ya nuna mini wasu ɗige-ɗigen fenti ruwan ɗorawa a kan notunan injin.

"Malam, ka ga wannan fenti? Namu ne. In lambar mita ta kai inda na gaya maka, ka kawo shi sabis. Kar ka bari ɗan bakin titi ya sa masa sifana. Ranar da muka ga fenti ya fashe, babu garanti."

Na ce, "Akawu, mene ne garanti?"

Ya ce, "In injin ya lalace ba da laifinka ba, mu za mu gyara kyauta."

Wannan magana ta shige ni fiye da yadda shi ma ya yi nufi, ina jin. Kowace safiya kafin in tayar da babur sai na duƙa na duba ɗige-ɗigen nan. In zan wanke shi nakan kewaye su da tsumma, kar ruwa ya ɓare su.

Zuwa sabis kuwa ba ƙaramin aiki ba ne ga mutumin Gwiwa. Da farko hawa na yi har Kano. A hanyar dawowa na lura tafiyar kanta ta cinye wani kaso na lambar da za ta sake mai da ni can. Daga nan sai na koma hawa zuwa Kazaure kawai, in ɗora shi a babbar mota, in biya kuɗinsa in biya nawa. A Kano sai in kwana gidan wani ɗan garinmu, wanda ba a zuwa masa hannu rabbana. Ga kuɗin kamfani, ga na abinci, ga ranakun aiki da suka tafi. Duk watan da aka yi sabis, gidana ya san an yi, don miya takan faɗa.

Maiɗakina ta raɗa masa suna ɗan awo. In ta ga ina ɗaure jaka sai ta ce, "Malam, yau ma asibiti za a kai shi? A gaida malaman awon. A tambayo mana ko ya isa yaye."

Abin da ya fi ci mini rai ba kuɗin ba ne. A kamfanin akwai doguwar katanga da ƙofar ƙarfe. Kana miƙa makulli, wani mai shuɗiyar riga zai tura babur ciki, a rufe. Kai kuma ka zauna a benci. Ba a shiga. Da la'asar a fito maka da shi a wanke yana ƙyalli, da sabon fenti a kan notuna. Na taɓa tambayar akawu abin da aka yi masa, ya ce, "Komai da komai, Malam." Ban sake tambaya ba, kar ya ga kamar ina zarginsu.

Ina da taubashi a Babura, ɗan kawuna, ɗan kasuwar hatsi da ke shiga har cikin Nijar. Babur ɗinsa irin nawa ne sak, sai dai nasa ba a gane launinsa. Bai taɓa kai shi Kano ba. A gindin darbejiyar ƙofar gidansa yake juye baƙin mai a tsohon kwano, ya kankare fulogi, ya ja sarƙa, yana yi yana cin gyaɗa. Duk haɗuwarmu sai ya taɓa ni.

"Kai bawana, har yanzu kana kai wa mutanen Kano zakka? Wanka suke yi masa fa. Kawo rabin kuɗin, ni in yi masa har da turare."

Nakan ce, "Bawa dai kai ne. Ranar da naka ya tsaya a dajin Nijar, ka biya jaki da sefa ya jawo ka."

Ina faɗa ne kawai. A raina ina ganin nasa yana tashi bugu ɗaya kamar nawa.

Haka muka tafi har shekara ta zagayo ta wuce. Sai wata kaka, bayan shanu sun gama cin karan gonaki, aka sami ciwon huhu a wani garke ta wajen Roni. Ofis ya aiko da magani da umarni a yi wa duk shanun yankin allura kafin su tashi zuwa kudu. Ardon wurin, dattijo ne da nake kira Baffa, ya aiko mini cewa ba zai iya riƙe mutanensa ba in ruwan tafki ya ja baya. A daidai wannan lokaci lambar mita ta cika. In na tafi Kano, shanu za su tashi ba allura, kuma na san abin da shugabanmu zai ce. In na zauna ina zagaya rugage, lamba za ta wuce, baƙin mai ya tsufa a ciki.

Ranar kasuwar Gwiwa taubashina ya zo sayen gero, ya biyo ta gida. Maiɗakina ce ta tona ni tun kafin ya sha ruwa. Ya fita ya sayo gwangwanin baƙin mai, ya zaro sifana daga aljihun babur ɗinsa ya miƙo mini.

"Da hannunka za ka yi. In ni na taɓa, har kabari za ka bi ni da magana."

Notin baƙin mai yana can ƙarƙashin injin, ta nan ake juye mai. Na kwanta a tabarma na sa sifana. Na ji fentin ya yi ƙas. Na ce innalillahi. Shi kuwa ya ce, "Allah ya jiƙan garanti, ya sa ya huta." Mai ya zubo baƙi ƙirin. Muka mai da noti, muka zuba sabo, ya nuna mini yadda ake duba fulogi da sarƙa. Kafin a kira azahar mun gama. Da zai tafi ya bar mini sifanar, ya ce, "Ka ɗaure shi ya kama, shi ke nan. Ba ƙofar kurkuku ba ce."

Nan ne halina ya shigo. Da na hau hanya washegari, duk ramin da na faɗa sai in ji kamar notin yana kwancewa. In tsaya, in leƙa, in ga yana nan. Na ce to, don kore shakka bari in ɗan ƙara masa. Na ƙara. Kowace safiya sai na ɗan ƙara, kaɗan dai, yadda zuciyata za ta kwanta. Wata safiya ina ja sai na ji sifana ta tafi salun-alun, ba nauyi. Na mai da shi yadda ya samu, na gaya wa kaina ba komai, don filas na ɗaure kuma Ardo yana jira.

Na isa rugar da hantsi, bayan duwatsun Roni. Ina kwance filas sai Ardo ya nuna ƙasa da sandarsa.

"Likita, dokinka yana fitsari."

Na duba. Mai yana ɗiga, ga layinsa a kan rairayi ta inda na biyo. Na taɓa notin da yatsa, ya faɗo a tafin hannuna da ɗan garin ƙarfe fari a jikinsa. Haƙoran ramin sun cinye. Na yi maza na toshe da babban yatsa, na zauna a ƙasa a haka, ga shanu an tara, ga rana tana hawa kan filas.

Na ce, "Baffa, na kashe shi."

Ya ce, "In ya mutu ma a bari sai an gama da masu rai. Riƙe nan."

Ya sa aka kawo ƙwarya aka tari sauran man. Ya yanko reshen aduwa, ya fiƙe shi da wuƙa kamar yadda suke yi wa bakin gora, ya naɗe da ƙyalle, ya buga a ramin da gindin wuƙar. Muka tace man da gefen rawani muka mayar. Ɗigar ta ragu, ba ta tsaya duka ba. Sannan na yi allurar ranar. Da wannan toshiyar itace na gama sauran rugagen, ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, gwangwanin mai a jaka, ina tsayawa ina ƙarawa. Shanu suka tashi da allurarsu.

Sannan na ɗora shi a mota zuwa Kano. Akawu ya leƙa ƙasa, ya ga itace, ya riƙe baki. Bai yi mini faɗa ba. Ya shiga ciki ya fito, ya ce su ba sa faci, sai dai a canja wannan ɓangaren injin gaba ɗaya, kuma sai an yi odarsa. Kuɗin da ya faɗa ya fi albashina na wata da watanni. Na ce na sani laifina ne, ni na fasa fenti na zubar da garanti.

Ya dube ni. "Wane garanti, Malam? Ai naka ya ƙare tun watannin farko. Ba ya wuce haka."

"To zuwan da nake ta yi fa?"

"Sabis ne. Yana da kyau. Shi ya sa injinka yake kamar sabo."

Har yau ban ce ya cuce ni ba. Bai taɓa cewa abin na har abada ba ne, ni ne ban tambaya ba. Na yi masa godiya, na sake biyan mota, na sauka a Kazaure da babur da itacensa.

A bayan tasha akwai wani bakanike da direbobin manyan motoci ke zuwa wurinsa. Ya ce zai fiƙe sababbin haƙora a ramin ya sa noti mai ɗan kauri, amma in ji da kyau: naman wurin kaɗan ya rage, in wannan ya cinye babu na uku. Ina tsaye a kansa ya yi, ba katanga. Abin da ya karɓa bai kai kuɗin motar da na biya wa babur ba.

Da na koma gida na ba maiɗakina labari duka. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta miƙo hannu.

"Kawo sifanar."

"Me za ki yi da ita?"

"Ajiya. Ranar juye mai in ba ka, ka ɗaure ina kallo. In na ce ya isa, ka miƙo."

Na so in yi gardama, sai na tuna da maganar bakanike. Ta sa ta a ƙasan adudunta. Tun daga ranar ni nake yi wa babur ɗina mai da fulogi da sarƙa a tsakar gida, abin da ya fi ƙarfina in kai Kazaure. Akwai safiyoyin da na tsaya a bakin ƙofarta na ce ta ba ni in ɗan duba kawai. Takan ce, "Duba da ido, Malam." Notin nan bai ƙara motsi ba. Na gama biyan rance, na riƙe yankina har aka yi mini canji, babur kuma ya ƙare a hannun wani mai kai madara.

Tambayar da ta rage mini ita ce ta bayan katangar nan. Taubashina ya rasu yana cewa wanka ne kawai. Akawu ya ce komai da komai. Ni na san injina ya fi na taubashina daɗewa, amma kuma ni ban taɓa ɗora masa buhun gero ba, don haka ban san wanda zan ba gaskiya ba. In akwai mai karatu da ya yi aiki a irin waɗannan kamfanoni na Kano a wancan zamani, ko mahaifinsa ya yi, ina roƙo ya sanar da ni abin da ake yi wa babur in an rufe ƙofa. Ina kuma son sanin yadda suke gane noti ya ɗauru ya isa, ko da wani ma'auni ne, ko su ma da hannu suke ji.