Sassaƙen Hawaja a Kwalbar Kakata

Kwanakin baya wani kafinta ya zo gyara mana ƙofa, zarton lantarkinsa ya ɗan ƙona bakin katakon. Ina kicin ƙamshin ya iske ni, wani abu tsakanin hayaƙi da sukarin da ya fara kamu a tukunya. Na ajiye ludayi na tsaya. Ban san sa'ad da na koma Karantina ba, tsohuwar unguwarmu a Jidda, ina yarinya, tsugune gaban kaskon mahaifina.

Mahaifina kafinta ne. Daga Sudan iyayensa suka kawo shi aikin hajji, suka zauna. Shagon da yake aiki na kafilinsa ne, ɗan ƙasar da ya tsaya masa a takardun zama, can wajen Bab Makka, amma guntayen katako gida yake kawowa mu hura wuta. Idan ka san bazarar Jidda, lokacin da damshin teku ke manne wa mutum riga a baya, to ƙara mata rufin kwano da garwashi, ka sami tsakar gidanmu.

A wata bazara irin wannan kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya zo da saƙo. Shi direba ne a gidan wani hawaja, haka muke kiran Bature. Hawajan yana ba shagon aikin kabad da tebura na kamfaninsu. Yanzu kuma wai yana son sassaƙen wani katako mai nauyi da ake kira ballut, wanda ake samu a tsofaffin ƙofofin jirgin ruwa. A fere shi ƙanana kamar ɗan yatsa, kada a haɗa da mai fenti, a gasa shi har ya yi ja amma kada ya zama gawayi.

Ni aka ba wa juyawa. Ina juya sassaƙen a kasko kamar mai suyar gyaɗa, ina tambaya. Me zai yi da shi? Mahaifina ya ce wataƙila turaren wuta. Mahaifiyata ta ce maganin asu ne a cikin kaya. Kakata, mahaifiyar babana, ta matso gaban kaskon. Ta ɗauki guda ta shinshina, ta lasa, ta daɗe tana jujjuya shi.

Ita sana'arta humra. Takan daka sandal da farce da kanumfari, ta zuba a kwalba, ta cika da kolonya, ta tura ƙarƙashin gado sai an manta da ita. Duk amaryar layinmu da humrarta ake kai ta.

"Wanda ya ce a gasa itace haka, jiƙa shi zai yi," in ji ta. "'Yar nan, ɗebo mini kaɗan."

Muka zuba a wata ƙaramar kwalba mai humra sabon haɗi. Kullum bayan la'asar sai mu jawo ta mu ɗaga a rana. Da farko ba abin da ya canza. Sannu a hankali ruwan ya koma kalar shayi mara ƙarfi, daga baya ya yi ja sosai. Kaifin kolonyar nan mai sukar hanci ya kwanta. Kakata ta yi ta mamakin yadda busasshen katakon ƙofa yake riƙe da zaƙi a cikinsa.

Ana cikin haka, wata Juma'a kawu ya zo cin abinci fuskarsa ba walwala. Ya ja mahaifina, da ake kira Usta saboda sana'arsa, gefe, amma gidan kwano ba ya ɓoye magana.

"Usta, na ga inda sassaƙenka yake zuwa. An sa ni ɗaukar kaya a ɗakin da suke kullewa. Manyan kwalabe ne jere, ruwan wasu fari, na wasu ja, katakonka kwance a ƙasa. Giya ce suke dafawa da sukari. Sadiki suke ce mata. Katakon ne ke gyara musu ita."

Mahaifina ya zauna a kan benci. Abu biyu ne suka taso masa. Ga hannunsa a cikin haram bai sani ba. Ga kuma hukuma, don in aka kama gidan aka bi sawu, hawaja jirgi kawai za a sa shi, amma baƙin mutum mai iƙama, wato takardar zama, bulala ce da kurkuku, sannan a kore shi zuwa ƙasar da ya bari yana goye.

Kawu ya ce a faɗa wa hawajan ballut ya ƙare, shi ke nan. Mahaifina ya ƙi. Da hawajan ya zo shago, ya ce masa katako yana nan, tebur ko kabad zai yi masa, amma ya daina gasa sassaƙe. Mutumin ya kalle shi, ya gane, ya fita. Aikin kamfanin bai sake dawowa ba. Kafili ya yi ta faɗa yana neman dalili, mahaifina bai tona kowa ba. Shekarar nan da tsofaffin kaya muka yi Sallah.

Saura kwalbar kakata. Mahaifina ya so a zubar.

"Hajja, hanyarsu ce fa."

"Hanyar itace ce," ta ce. "Shi ya sha nasa, ni shafawa zan yi. Allah ya san cikin kowace kwalba."

Ba ta zubar ba. A bikin ƙanwar mahaifiyata ta buɗe ta, mata suka yi ta kama gyalen amarya suna tambayar me aka ƙara. Ta ce musu sirrin tsufa ne. Bayan bikin, wata safiya, na ga mahaifina ya hura kasko da kansa. Ya gasa ɗan sassaƙe cikin tafin hannu, ya ajiye a bakin ƙofar ɗakinta, ya tafi shago. Ita kuma ta ɗauka ta zuba a sabuwar kwalba.

Yau Karantina fili ce, an rushe ta, ko layinmu ba zan iya nuna maka ba. Jikokina a kanti suke sayen turare, su fesa tun kafin su fito daga shagon, in na yi musu Hausa su amsa da Larabci. Na taɓa gwada ba babbarsu labarin nan, sai ta tambaye ni wata nawa ake jira kafin humrar ta yi. Na ce mata ban sani ba. Kakata ba ta taɓa ƙirgawa ba, buɗewa take ta shinshina, ta ce da saura.