Takardu Bakwai Daga Rubutun Kakana

Har yau in na ji ƙauri, ranar gobarar gidanmu nake tunawa.

Ranar muna turara shinkafa ne ni da Inna a tsakar gidanmu na Birnin Kebbi, iska ta kwashi tartsatsi ta jefa kan labulen ɗakin Baba. Kafin maƙwabta su kashe wutar da bokitai, katifa ta ƙone, bango ya yi baƙi ƙirin. Baba yana Argungu wurin albasarsa. Inna ta yi mishi waya, ya ce yana tafe.

Ni na fara tunawa da Alƙur'anin. Kakana ne ya rubuta shi da hannunsa, takarda-takarda, ba ɗinki. Baba bai taɓa bari mu ɗauka ba. Da safe ya karanta, ya bar gafakar a buɗe bisa kantar ɗakinsa. Wuta ba ta kai gare shi ba, amma takardun sama sun sha hayaki har ba a ganin wasali.

So nake ya dawo ya iske ko abu ɗaya yadda ya bar shi. Na ɗebo ruwa a kwano, na jiƙa tsumma mai tsabta, na hau gogewa. Takarda ta yi baƙi, na ce hayaki ne ke fita, in ta bushe za ta washe. Na jawo ta biyu. Sai a ta bakwai na ga ja-ja a jikin tsumman, jan tawadar wasali. Ni da na yi shekaru ina wanke allona da ruwa, ban tuna tawada ɗaya ce ba.

Inna ta leƙo, ta dafe ƙirji. “Ke! Mi kinka yi?”

Na saki tsumman. Ta ce mu ce ruwan kashe wuta ne. Na so in yarda, wallahi na so.

Bayan la'asar Baba ya shigo. Bai dubi bango ba, ya duba mu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ga takardun shanye a tabarma. Na durƙusa na faɗa mishi ni ce. Na jira faɗa, bai yi ba.

“Ina ruwan?” ya ce.

Na kawo kwanon. Ya matse tsumman a ciki, ya kai gindin mangwaro inda ba a takawa, ya tona rami ya zuba a hankali, ya rufe.

Na ce, “Baba, ba a iya sake rubutawa?”

“Ana iyawa, ɗiyata. Karatun yana kaina.” Ya shafa takarda ɗaya da yatsa. “Hannun babana ne ba ni da shi.”

Mun kankare bango, mun yi fenti. Shi kuma ya sake rubuta bakwai ɗin, farare tas cikin tsofaffi. Bai taɓa tayar da zancen ba. Amma in yana karatun safe, ina jin inda muryarsa ke ɗan tsayawa in ya iso sababbin takardun, sai in bar shara in shige ɗaki.