Idanun Baba

Sana'ata zane a kwamfuta. Ina da ɗan shago a Talata Mafara inda nake ƙera fuskokin mutanen katun, irin waɗanda ake sawa a gajerun finafinan yara. Da aka ce in zana wani dattijon malami, zuciyata ba ta je ko'ina ba sai wurin mahaifina, wanda ya rasu shekara uku kafin nan. Baba bai son hoto. Guda ɗaya tak ya bari, na katin zaɓe.

Na yi sati biyu a kan fuskar. Ban bar komai ba: tsagar kumatu, furfurar gemu gashi-gashi, tabon sujada, har ɗan ƙurjin gefen hanci. Duk wanda ya leƙo shago sai ya ce saura ya yi magana. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba. Na zuba hoton a wayata, na hau mota zuwa Bakura in nuna wa Inna, mahaifiyata.

Bayan mun gama gaisuwa na miƙa mata. Kallo ɗaya ta yi, ta kau da kai.

"Wanga ba shi na ba," in ji ta. "Wa ke ƙura mani ido hakanga kamar ɗan sanda?"

Raina ya ɓaci. Na ce ai daga katinsa na ɗauko, ko ɗigo ban ƙara ba.

"To ni dai ban san shi haka ba. Duk zamanmu ban taɓa kallon tsakar idonai ba."

Sai a mota na gane ashe jirgi ɗaya ya kwaso mu da ita. A gidanmu ba a haɗa ido da babba. Na san gemun Baba, na san yadda haɓarsa ke motsi kafin ya fara faɗa, na san yatsun ƙafarsa fiye da nawa, don su nake kallo in yana magana. Idanunsa kuwa na'urar masu rajista ce ta gani, ita ma a gajiye ta same shi, bayan ya yini a layi.

Na goge komai na sake zane da layuka kaɗan, kai a ɗan karkace, kamar yadda mai durƙuso zai hango shi. Da na koma Bakura na nuna mata, Inna ta shafa haɓar zanen, ta ce wannan kam shi ne. Amma idanun sun ƙi. Duk irin da na sa, sai wani baƙo ya fito sanye da gemun ubana. Abin ya ci mini rai ƙwarai.

Mutum ɗaya ta rage da ta isa ta kalle shi ido cikin ido: Gwaggo, yayarsa, wadda ta goye shi yana jariri. Na bi ta har Maradun. Ba wanda ya gaya mini yanar ido ta rufe mata gani tun bara.

Na zauna a bakin tabarmarta na yi mata bayani. Ta karɓi wayar, ta yi ta shafa gilashin da babban yatsa. Na roƙe ta ko da baki ne ta kwatanta mini idanunsa.

"Ɗana, sun ɓace mani," ta ce. "Kai da ke gani, kuma shi na cikin abin ga naka, hwaɗa mani, yaya idon ƙanena yake?"

Ta juyo da kunnenta wajena tana jira.