Zaren Kaset a Gonar Yaya Uba

Duk wanda ya ce ƙanena Datti maroƙi ne, sai mun ɓata da shi. Bai taɓa tsayawa a ƙofar gidan wani ya wasa shi don a ba shi ko anini ba. Mai facin keke ne a Tiga, waƙa kuwa a ɗakinsa yake yin ta, ƙofa a rufe.

Abin ya same shi ne bayan ruwan dam ya ci garinmu, aka kwaso mu aka zube a sabon wuri. Kowa ya kama abin yi, wasu kamun kifi, wasu noman rani. Shi kuwa sai ya sayi tsohuwar rakoda a hannun wani ma'aikacin ruwa, ya haɗa kuntigi da gwangwanin kifi. In batir ya yi sanyi ya shanya shi a rana. Idan ka saurari kaset ɗin za ka ji zakara na cara, ka ji ina daka, wani wurin har da muryata ina ce masa tuwo zai huce.

Waƙoƙin duk na garin da ya nutse ne. Akwai ta Kulsumu mai daddawa, wadda ta rantse ba za ta tashi ba, sai da ruwa ya tafi mata da tukunya. Akwai ta rijiyar kasuwa mai ruwan zartsi, wadda muke zagi muna sha. Babbar ita ce doguwar da ya bi gari gida-gida, daga ƙofar gabas har maƙabarta, yana kiran sunan kowane maigida da itacen da ke ƙofarsa. Tsofaffi kan zo zaure su ce a sa musu ita, kowa na jiran a zo gidan ubansa.

Sai ciwon maƙogwaro ya kama shi. Muka tafi asibiti a Kano, ni ce mai jinya. Aka yi masa aiki, ya dawo da ransa, amma murya ta tafi har abada. Ina ba shi haƙuri a mota, ina cewa ai ga muryar can cikin kaset a akwati tana jiran mu.

Muka tarar da akwatin wayam.

Ashe muna can tsuntsaye suka far wa shinkafar babban yayanmu, Uba. Wani ya gaya masa zaren kaset na ƙyalli a rana, kuma in iska ta kaɗa shi yana kuka, tsuntsu ba ya sauka. Mutumin nan bai yi wata-wata ba, ya fasa kaset ɗin kaf, ya zare su, ya ɗaɗɗaura a kara daga wannan kunya zuwa waccan.

Na same shi a gonar, Datti na biye da ni. Raina ya ɓaci.

"Yaya, ba ka ji tsoron Allah ba? Tsumma ne ya ƙare a duniya?"

"Ke Tani, ki iya bakinki," in ji shi. "Waƙa ce za ta ciyar da ku? Ai gara da ta yi amfani."

Amfani! Ta bakin mutumin da ya sha zama a zaure yana share hawaye in an zo ƙofar Baba.

Datti bai dube mu ba. Ya tsuguna ya tsinci guntun kara, ya kama bakin zaren ya fara naɗewa a hankali, yana hure ƙasar da ta manne masa. Rana ta riga ta ƙona zaren, da ya ja sai ya tsinke, ya ƙulla ya ci gaba.

Yaya Uba ya daɗe yana kallon sa. Na ɗauka kunya ce ta kama shi. Sai ya gyara tsayuwa ya ce, "Datti, in kwashewa za ka yi, ka bari sai an yi girbi."